Allolin Tsohuwar Masar da na Arewacin Turai a Idon Masu Bauta Musu

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce "gunki", abin da ke faɗo wa mai jin Hausa a rai shi ne dutse ko itacen da aka sassaƙa, wanda ba ya ji, ba ya gani. Wannan kallo ne na wanda ke tsaye daga waje. Manomin da ya rayu a gaɓar kogin Nilu shekara 3,000 da suka wuce, da matuƙin jirgin ruwan da ya tashi daga Norwe zuwa tsibirin Aisilan a ƙarni na 9, ba haka suka ɗauki abubuwan bautarsu ba. Wannan takarda za ta dubi allolin al'ummomin nan biyu, wato mutanen tsohuwar Masar da mutanen Arewacin Turai waɗanda ake kira Nos, ta fuskar masu bautar da kansu. Abin da za a gani shi ne, dukkansu sun ɗauki allolinsu a matsayin masu ƙarfi ƙwarai, amma waɗanda ke iya tsufa, su ji rauni, har su mutu, don haka suna bukatar ɗan Adam kamar yadda yake bukatar su. Inda suka rabu shi ne a kan makomar wannan dangantaka.

1.1 Bayanin Kalmomi

A nan an yi amfani da "alloli" don jam'i, da "allahiya" don ta mace. An bar kalmar "gunki" ga siffar da aka sassaƙa kawai, domin masu bautar sun bambanta tsakanin siffar da wanda suke cewa yana sauka a cikinta. Haka kuma, babu ɗaya daga cikin al'ummomin biyu da ke da kalmar da ta yi daidai da "addini". Mutanen Nos "sidur" suke cewa, wato al'ada, kuma da Kiristanci ya zo sai suka kira nasu "tsohuwar al'ada", suka kira baƙon "sabuwar al'ada". Wani abin lura ga ɗalibin Hausa shi ne, lokacin da jiragen mutanen Nos suka kai hari garin Ishbiliya na Andalus a shekarar 844, marubutan Larabawa "Majusu" suka kira su. Masana harshe da dama suna ganin daga wannan kalma ta Larabci ce aka samo "Bamaguje" da "Maguzawa".

2.0 Daga Bakin Wa Labarin Ya Fito?

Kafin a tambayi abin da mai bauta ya gaskata, ya kamata a san wanda ya ba da labarin. A nan akwai babban bambanci.

Mutanen Masar da hannunsu suka rubuta nasu. Addu'o'in da suka fi tsufa an sassaƙa su ne a bangon ɗakin kabarin Fir'auna Unas, cikin dalarsa da ke Saƙƙara, wajen shekara ta 2350 kafin Miladiyya. Daga baya aka riƙa rubuta irinsu a jikin akwatunan gawa, sannan daga wajen 1550 kafin Miladiyya a kan takardar fafirus, wadda tarinta ne ake kira Littafin Matattu. Sai dai addu'a ba ta ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, ishara kawai take yi ga abin da kowa ya sani. Shi ya sa cikakken labarin Usiris da matarsa Isis, a jere yadda ake karanta shi yau, daga alƙalamin Bagirke Fulutak ya fito, wajen shekara ta 100 Miladiyya.

Su kuwa mutanen Nos, da baki suka adana labaransu. Suna da haruffan da ake kira run, amma gajeren rubutu suke yi da su a kan dutse da itace da ƙarfe. Manyan littattafan biyu da aka dogara da su, a Aisilan aka rubuta su bayan fiye da shekara 200 da karɓar Kiristanci. Na farko shi ne Edda na Sinori Situluson, attajiri kuma ɗan siyasa, wanda ya rubuta shi wajen 1220 don koya wa matasa fasahar waƙa. Sinori Kirista ne, kuma a gabatarwarsa ya ce allolin nan asalinsu mutane ne da suka yi ƙaura daga birnin Turoi, aka ɗauke su alloli. Na biyu shi ne kundin tsofaffin waƙoƙi da aka kwafa wajen 1270, wanda ya daɗe a ɗakin ajiyar sarkin Danmak kafin a mayar da shi Aisilan a 1971. Sauran shaidun baƙi ne, kamar Ahmad Ibn Fadlan, ɗan aiken Halifan Bagadaza, da Adamu na Biremen, malamin coci a Jamus. Ke nan muryar mai bautar Masar ana jin ta kai tsaye, ta mai bautar Arewa kuwa sai an tsinto ta daga bakin jikokinsa da suka bar hanyarsa.

3.0 Allolin Masar

3.1 Zuriyar Atum

A koyarwar birnin Iyunu, wanda Girkawa suka kira Heliyofolis, kuma yake cikin Alƙahira ta yau, da farko babu komai sai ruwa mai duhu da ake kira Nun. Daga cikinsa tudu ya ɓullo, Atum ya bayyana a kansa. Atum ya samar da Shu, iska, da Tefnut, laima. Su kuma suka haifi Geb, ƙasa, wanda namiji ne, da Nut, sama, wadda mace ce. Ƴaƴan Geb da Nut huɗu ne: Usiris, Isis, Set da Neftis. Wannan tudu ba baƙon abu ba ne ga manomin Masar, domin kowace shekara yana ganin tuddai suna fitowa idan ambaliyar Nilu ta fara janyewa.

Set ya kashe ɗan'uwansa Usiris saboda sarauta, ya sassara gawarsa ya watsar. Isis ta bi ƙasa tana tattara gaɓoɓin, ta haɗa su, ta sami cikin Horus. Ta ɓoye yaron a fadamar bakin teku har ya girma ya ƙwato gadon ubansa, bayan Set ya raunata masa ido. Usiris bai dawo duniya ba, ya zama sarkin matattu. A idon mai bauta, kowane Fir'auna mai rai Horus ne, wanda ya mutu kuma ya zama Usiris. Uwar da kunama ta harbi ɗanta takan karanta addu'ar da aka ce Isis ta yi wa Horus. Abin bautar da aka kashe, da allahiyar da ta yi takaba ta yi renon maraya, sun fi kusa da zuciyar talaka fiye da wanda bai taɓa ɗanɗana wahala ba.

3.2 Ma'at da Hidimar Haikali

Kalmar da ta riƙe dukkan tunanin Masar ita ce Ma'at. Tana nufin gaskiya, adalci da daidaituwar al'amura, kuma allahiya ce da ake zanawa da gashin jimina a ka. Fitowar rana, zuwan ambaliya a kan kari, da hukuncin alƙali na gaskiya, duk Ma'at ne. Kishiyarta ita ce Isfet, wato hargitsi.

A wurinsu, Ma'at ba ta tsayawa da kanta. Kowane dare, allan rana Ra yana ratsa lahira a cikin jirgin ruwa na tsawon sa'o'i 12, kuma ƙaton maciji Afef yana tare masa hanya. Set, wanda ya kashe ɗan'uwansa, shi ne ke tsaye a goshin jirgin yana sukar macijin da mashi, abin da ke nuna cewa ba a ɗauke shi Shaiɗan ba, ƙarfi ne mai haɗari wanda ke da amfani a gurbinsa. Mutane ma suna da rabonsu na yaƙin. Masu hidimar haikali sukan ƙera siffar Afef da kakin zuma, su tofa mata yawu, su tattake ta, su ƙona.

Haikalin Masar gida ne na abin bauta, talakawa ba sa wuce farfajiyarsa. Da asuba, babban mai hidima yakan yi wanka, ya karya hatimin ƙaramin ɗakin da gunkin yake, ya yi turare, ya wanke gunkin, ya sauya masa tufa, ya ajiye masa gurasa da giya da nama. Sun san sarai gunki ba ya taunawa. Abin da suke cewa shi ne, ruhin abin bautar yana sauka cikin siffar ya ɗauki albarkar abincin, sannan a kwashe a raba wa ma'aikata. Talakawa sukan kusanci Amun ne a ranar biki, kamar bikin Ofet, lokacin da ake ɗauko shi a ƙaramin jirgi daga Karnak zuwa Luksor, tafiyar kimanin kilomita 3.

3.3 Allolin Cikin Gida da Ranar Awo

A gida, mace mai ciki tana neman tsarin Taweret, mai siffar dorina, da Bes, gajere mai muni wanda ke korar mugayen iskoki. A ƙauyen ma'aikatan kaburburan sarakuna, wanda ake kira Dair al-Madina a yau, an tono allunan dutse da talakawa suka rubuta. A ɗaya daga ciki, wani da ake kira Neferabu ya amsa cewa ya yi rantsuwar ƙarya da sunan Fitah, an hukunta shi da duhun gani, yana roƙon sassauci, yana kuma gargaɗin jama'a. Wannan muryar mai bauta ce ba tare da tafinta ba.

Bayan mutuwa, Anubis mai kan dila yakan ɗora zuciyar mamaci a ma'auni, gashin Ma'at a ɗaya ɓangaren. Tot, marubucin alloli, yana rubuta sakamako, mamacin kuma yana wanke kansa a gaban alƙalai 42. Idan zuciyar ta yi nauyi, dabba Ammit mai kan kada ta haɗiye ta, mutumin ya shuɗe ke nan har abada. Idan ta yi daidai, sai ya shiga gonakin lahira, waɗanda aka zana kamar gonakin Masar, sai dai babu fari.

4.0 Allolin Arewacin Turai

4.1 Gidaje Biyu da Alloli Masu Tabo

Allolin Nos gida biyu ne. Akwai Esir, gidan Odin da matarsa Firig da Tor da Tir, masu sarauta da yaƙi. Akwai kuma Banir, gidan Niyod da ƴaƴansa Firer da Fireya, masu albarkar gona, teku da haihuwa. An ce gidajen biyu sun yi yaƙi, babu wanda ya rinjayi wani, sai suka yi sulhu da musayar mutane. Abokan gabarsu su ne ƙattai, waɗanda kuma danginsu ne, domin mahaifiyar Odin daga cikinsu take.

Abin da ya fi fitowa fili a labaransu shi ne, kusan kowane babba a cikinsu ya rasa wani abu. Odin ya ba da ido ɗaya don ya sha daga rijiyar hikima, ya kuma rataye kansa dare tara a jikin babbar itaciyar da ke riƙe da duniyoyi don ya sami ilimin haruffa. Tir ya sa hannunsa a bakin ƙaton kyarkeci Fenrir a matsayin jingina yayin da ake ɗaure shi, ya rasa hannun. Firer ya ba da takobinsa saboda son wata mace. Ƙuruciyarsu ma aro ce, domin da aka sace allahiya Idun mai ajiyar tuffa, nan da nan suka fara furfura. Sama da su duka akwai mata uku da ake kira Norn, masu yanke ƙaddarar mutane da alloli.

Matan ba ƴan rakiya ba ne. Fireya ce aka ce ta koya wa Odin duba da sihiri, kuma rabin waɗanda suka faɗi a fagen fama nata ne, rabi na Odin. Firig ta sa kowane abu a duniya ya yi rantsuwa ba zai cuci ɗanta Baldur ba, amma ta rena kauci, ta ga ya yi ƙanƙanta. Loki mai makirci ya gano haka, ya ba makahon ɗan'uwan Baldur reshen kaucin ya jefa, Baldur ya faɗi matacce.

4.2 Bauta a Matsayin Ban Gishiri in Ba Ka Manda

Babbar ibadarsu ita ce yanka, wanda suke kira bulot. Ana yanka dabba, har da doki, a yayyafa jini, a dafa naman, a sha giya da sunan alloli ana roƙon shekara mai albarka da zaman lafiya. Babu rukunin masu hidima na musamman kamar na Masar, sarki ko mai gari ko maigida ne ke jagoranta. Adamu na Biremen, wanda ya rubuta wajen 1075 daga abin da aka faɗa masa, ya ce a Ufsala ta ƙasar Suwidin akwai haikali mai gumaka uku, Tor a tsakiya, kuma ana babban yanka duk bayan shekara tara.

Ibn Fadlan kuwa da idonsa ya ga fataken da ya kira Rus a gaɓar kogin Bolga a shekarar 922. Ya ce falke yakan zo gaban wani dogon itace mai fuskar mutum da gurasa da nama da albasa da madara da giya, ya lissafa hajarsa, ya roƙi a kawo masa mai saye mai dinari da yawa wanda ba zai yi masa gardama ba. Idan kasuwa ta yi kyau, sai ya yanka dabbobi ya biya.

Ko da yake mawaƙan fada Odin suka fi yabo, talaka Tor ya riƙe, mai gudumar da ke kare mutane daga ƙattai. An tono ɗaruruwan ƙananan gudumomi na azurfa da ƙarfe waɗanda ake ratayawa a wuya. Waɗanda suka fara zama a Aisilan daga wajen 874, an ce sukan jefa ginshiƙan kujerar maigida a teku, su kafa gida inda ruwa ya fitar da su. An kuma ba da labarin wani mai suna Helgi, wanda ya karɓi Kiristanci amma idan zai hau teku Tor yake kira. Odin shi ma tsoho ne a ƙasar: a 2023 masana suka karanta sunansa a jikin wani faifan zinariya na ƙarni na 5 da aka tono a Bindelef ta Danmak.

4.3 Ranar da Alloli Za Su Faɗi

Mutuwar Baldur ita ce mafarin ƙarshe, wanda ake kira Ragnarok. Hunturu uku za su zo a jere ba bazara a tsakani, Fenrir zai tsinke ya haɗiye Odin, Tor zai kashe macijin da ya kewaye duniya, ya yi taku tara ya faɗi saboda dafi, wuta ta cinye komai, ƙasa ta nutse. Odin ya san da haka, shi ya sa yake tara jarumai a zaurensa Balhala. Daga baya sabuwar ƙasa za ta fito, Baldur ya dawo, mutum biyu su tsira. Masana suna muhawara a kan yawan tasirin Kiristanci a wannan ɓangare na ƙarshe.

Masar ma tana da irin wannan tunani, domin a babi na 175 na Littafin Matattu Atum ya ambaci ranar da zai mayar da komai cikin ruwan farko. Amma an ajiye ranar can nesa, bayan miliyoyin shekaru. Mai bautar Masar ya sa rai cewa muddin ana hidima, gobe za ta yi kama da jiya. Mai bautar Arewa ya tsaya tare da allolin da ya san za a ci su da yaƙi.

5.0 Ƙarshen Bautar da Abin da Ya Rage

Bautar Masar ta daɗe fiye da shekara 3,000, ta kuma bazu kudu zuwa Nubiya, inda haikalin Amun ke gindin Dutsen Barkal a Sudan ta yau. Haikalin Isis na tsibirin Fila ne ya fi daɗewa, saboda mutanen kudu ba su daina ziyartarsa ba. A can aka sassaƙa rubutu na ƙarshe da tsofaffin haruffan Masar a shekarar 394, aka kuma rufe shi a zamanin Sarkin Rum Jastiniyan, wajen 537. Daga nan babu mai iya karanta rubutun har sai da Bafaranshe Shamfoliyon ya warware shi a 1822.

A Arewa, Sarki Harald na Danmak ya karɓi Kiristanci wajen 965. A Aisilan kuwa, majalisar ƙasa ce ta yanke hukunci a shekarar 999 ko 1000. Da aka ga jama'a za ta rabu biyu, sai aka ba mai furta doka, Torgeir, wanda shi kansa mai tsohuwar al'ada ne, wuƙa da nama. Ya lulluɓe da mayafi yini da kwana, sannan ya ce dokar ƙasa ɗaya ce, kowa ya zama Kirista, amma mai son yanka ya yi a ɓoye. A idonsa, zaman lafiyar jama'a, wanda dama shi ake roƙo wajen yanka, ya fi komai.

Sunayen ba su ɓace ba. Ranakun Talata, Laraba, Alhamis da Juma'a a Ingilishi suna ɗauke da sunayen takwarorin Tir, Odin, Tor da Firig. A kalandar Kibɗawa, wadda manoman Masar ke lissafin noma da ita, watan Tut daga Tot yake, Hatur kuma daga allahiya Hator. A 1972 aka kafa ƙungiyar Asatru a Aisilan ƙarƙashin wani manomi mawaƙi, Sibeinbiyon Beinteinson, gwamnati ta amince da ita a 1973, Danmak ma ta amince da makamanciyarta a 2003. A Amurka da Turai akwai ƙananan ƙungiyoyin da ke bautar allolin Masar. Dukkansu daga littattafai da binciken masana suka sake gina ibadarsu, domin sarƙar gado ta tsinke ƙarnuka da yawa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa al'ummomin biyu sun ɗauki duniya a matsayin wuri da ake karewa daga hargitsi, kuma alloli da mutane ne ke wannan aiki tare. Na Masar ya yi ta da hidimar kullum da kiyaye Ma'at, na Arewa da yanka da cika alkawari. An kuma ga cewa shaidar Masar ta fito daga masu bautar, ta Arewa kuwa mafi yawanta daga waɗanda suka zo bayansu. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan tambaya duk lokacin da ya karanta labarin wata tsohuwar bauta, ko ta Ufsala ce ko ta Tsumburbura da ke cikin Tarihin Kano: wa ya rubuta, yaushe, kuma mene ne addininsa?